Kwana goma sha ɗaya da ke tsakanin shekarar wata da ta rana

Duk wanda ya yi azumin 2019 da na 2020 a Damagaram ba sai an tuna masa ba. Na farko ya kama wajen 6 ga Mayu, na biyun wajen 24 ga Afrilu, tsakiyar bazara ke nan, lokacin da zafi ke haura digiri 40, duwatsun Birni na fitar da huci har bayan magariba, idon kowa na kan mai ƙanƙara. Ba a daɗe ba abin ya sauya: azumin 2025 a farkon Maris, na 2026 wajen 18 ga Fabrairu, na 2027 kuma lissafi ya sa shi wajen 8 ga Fabrairu, da sauran sanyi a gari. Kowa ya san watan azumi yana ja da baya. Abin da ba kowa ya riƙe ba shi ne kwana nawa yake ja, me ke sa shi, kuma a ina rashin sanin wannan lissafi yake jawo asara, ta kuɗi ko ta ibada.

Daga ɓuyar wata zuwa ɓuyarsa ta gaba, matsakaicin lokaci kwana 29 ne da awa 12 da minti 44 da sakan 3. Na ce matsakaici domin tafiyar wata ba ɗaya take ba kullum. In ya kusanto duniya yakan yi sauri, in ya nisanta ya lafa, don haka wani watan yakan gaza wannan adadi da kamar awa shida, wani ya ɗara shi da kamar awa bakwai. Tun da ba a ƙirga rabin kwana, wata yakan zo 29 ko 30, ba ya yin 28 ba ya yin 31. A ninka matsakaicin sau goma sha biyu, za a samu kwana 354 da awa 8 da minti 48. Ita kuwa shekarar rana, wadda damina da kaka da ɗari da bazara suke bi, kwana 365 ce da awa 5 da minti 48 da ƴan sakanni. Tazarar da ke tsakaninsu kwana 10 ce da awa 21. A kalandar da ke rataye a shago za ka ga wani lokaci 10, yawanci 11, jefi-jefi 12, saboda shekarar wata takan zo 354 ko 355, ta rana kuma 365 ko 366.

Wannan ƴar tazara ita ke tara kanta. Cikin shekara uku ta zama wata guda. Cikin shekara takwas ko tara ta fitar da azumi daga bazara ta kai shi ɗari. Shekara 33 ta rana kuwa daidai take da 34 ta wata, da rarar kwana huɗu da rabi, kuma wannan ita ce ƙa'idar da ta fi kowace amfani a riƙe: duk wata rana ta Musulunci takan dawo mazauninta bayan shekara 33, ta riga tsohon kwanan watanta da kwana huɗu ko biyar. Azumin da ya kama 1 ga Satumba 2008 zai dawo wajen 28 ga Agusta 2041. Yaron da ya fara azumi cikin marka a shekarun 2010 zuwa 2012 ba zai sake yin sa cikin marka irin wannan ba sai ya ba arba'in baya.

Tun da shekarar wata ta fi gajarta, takan shige cikin ta rana ɗungurungum. Shekarar 1429 ta shiga wajen 10 ga Janairu 2008, ta fita kafin Disambar shekarar ta ƙare. Haka zai faru da azumi a 2030: na 1451 zai kama wajen 5 ga Janairu, na 1452 wajen 26 ga Disamba. Za a ji masu cewa za a yi azumi biyu a shekara ɗaya, wasu har su ɗauke shi alamar wani abu. Ba alamar komai ba ce. Tsakanin azumin biyu wata goma sha biyu ne cif kamar kullum, kuma an yi irin wannan a 1997, an yi a 1965.

Me ya sa ba a cike giɓin ba? Wasu al'ummai sun cike. Yahudawa da Sinawa da wata suke ƙirga watanninsu, amma sukan cusa wata na goma sha uku sau bakwai cikin kowace shekara 19, domin wata 235 da shekara 19 ta rana bambancinsu bai wuce awa biyu da ɗan abu ba. Shi ya sa bukukuwansu ke kai da kawowa cikin yanayi ɗaya ba sa fita. Larabawan jahiliyya ma suna da abin da ake kira nasi'u, wanda malamai suka fassara da jinkirta watan alfarma zuwa wani watan don a samu damar yaƙi, wasu masu tarihi kuma suka ce har da ƙara wata don aikin hajji da kasuwanninsa su tsaya a yanayi ɗaya. Aya ta 36 da ta 37 a Suratut Tauba suka rufe wannan ƙofa: watanni goma sha biyu ne, huɗu daga cikinsu masu alfarma, wato Zulƙida, Zulhijja, Muharram da Rajab. A hajjin bankwana, shekara ta 10, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar cewa zamani ya juyo ya koma yadda yake tun ranar da aka halicci sammai da ƙasa. Ƙidayar shekaru kuwa sai zamanin Sayyidina Umar aka kafa ta, wajen shekara ta 17, aka ɗauki shekarar hijira ta zama ta ɗaya, aka fara da Muharram duk da cewa a Rabi'ul Awwal aka isa Madina. Ɗaya ga Muharram ɗin nan ta yi daidai da Juma'a 16 ga Yuli 622.

A ganina babu wanda ya kamata ya fi manomi gode wa wannan tsari. Da an ɗaure azumi a watan Yuli, da kowace shekara da bakinsa a rufe zai yi noman farko da maimai, shi da ɗansa da jikansa. Da an ɗaure shi a Yuni, da musulmin Faransa kullum yana da yini mai tsawo, na Afirka ta Kudu kullum gajere. Zagayawar ce ta raba wuya da sauƙi ga kowa. Wanda yake son ganin yawan abin da ta tara ya dubi Iran: su ma daga hijira suke ƙirga shekara, amma da rana, sabuwar shekararsu na shiga 20 ko 21 ga Maris. A Maris na 2025 sun shiga 1404, mu muna cikin 1446. Mafari ɗaya, tazara ta haura shekara arba'in.

Kada a ɗauka ita kalandar rana ba ta da faci. Wadda Yuliyos Kaisar ya kafa a Rum shekara 45 kafin haihuwar Annabi Isa ta ɗauki shekara a kwana 365 da kwata, tana ƙara kwana ɗaya duk shekara huɗu. Ta zarce gaskiya da minti 11 a shekara, wato kwana guda cikin shekara 128. Da abin ya taru, Paparoma Giregori na 13 ya yanke kwana goma a 1582: aka kwanta Alhamis 4 ga Oktoba aka tashi Juma'a 15 ga wata. Ya kuma sa doka cewa shekarar da ta cika ɗari ba ta samun 29 ga Fabrairu sai in tana rabuwa da 400. Shi ya sa 2000 ta samu, 1900 ba ta samu ba, 2100 ma ba za ta samu ba. Wannan gyararriyar ce Faransawa suka shigo mana da ita, ita ce ta albashi da lakwal da takardun gwamnati, ita ta tsayar da 18 ga Disamba, ranar Jamhuriyar Nijar, ita ta sa 3 ga Agusta, ranar da ƙasar ta samu ƴancin kai, kullum cikin damina take faɗowa, lokacin da dashen itace yake kamawa.

Amma lissafin rana ya riga Faransawa zuwa ƙasar nan da nisa. Malaman hisabi na ƙasar Hausa da Barno sun gaji watannin ajami daga Magrib, masu sunaye irin su Yanayir da Agushat da Dujambar, kuma tsohuwar kalandar Rum ce tun kafin gyaran 1582. Yau tana bayan ta bango da kwana 13: ɗaya ga Yanayir ita ce 14 ga Janairu. Wanda ya buɗe tsohon kundi ya ga an ce tauraro kaza na shiga ranar kaza ga watan ajami, in bai ƙara kwana 13 ɗin nan ba zai yi kuskuren kusan mako biyu, kuma a ƙasar da daminarta ba ta wuce wata uku zuwa huɗu ba, mako biyu ba wasa ba ne. Su taurarin da ake raba shekara da su 28 ne, kowanne kwana 13, sai Jabha mai 14, jimla 365. Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa da sauransu, da su ake auna inda damina ta kai, kuma ba ruwansu da Rajab ko Sha'aban.

Sai ƙidayar manoma, wadda ke cikin karin maganar nan, watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa da alama. Wannan watan bakwai ba Rajab ba ne, ko da yake Rajab ne na bakwai a jerin Musulunci, ba kuma Yuli ba ne. Wata ne da ake ƙirgowa daga bayan girbi, ya faɗo a ƙarshen bazara, wajen Mayu zuwa Yuni. Da jinjirin wata ake ƙirga shi amma kaka ce ke sake ɗaura masa mafari, don haka duk shekara biyu ko uku sai an yi masa gyara, kuma daga nan ne gardamar tsofaffi ke fitowa, wannan ya ce muna na shida, wancan ya ce na bakwai ya tsaya. Mutumin Damagaram da ƙidaya uku yake rayuwa, ta masallaci, ta ofis, da ta gona.

Yanzu ga yadda ake juya shekara ba tare da waya ba. Daga hijira zuwa miladiyya: raba shekarar da 33, debe abin da ya fito daga cikinta, ka ƙara 622. Misali 1447: in ka raba da 33 za ka samu kusan 44, ka debe ya rage 1403, ka ƙara 622 ya ba ka 2025. Daga miladiyya zuwa hijira: debe 622, raba abin da ya rage da 32, ka mayar da sakamakon a kansa. Shekarar 1960: ragowar 1338, rabonta kusan 42, jimla 1380, kuma lalle 3 ga Agusta 1960 ta faɗo wajen 9 ga Safar 1380. Shigowar Faransawa Damagaram a Yulin 1899 ta faɗo cikin 1317. Wannan hanya takan kauce da shekara ɗaya, domin kusan kowace shekarar hijira ta taka shekaru biyu na miladiyya. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya riƙe tazarar yau, 578 ko 579, ya dinga ƙara ta a kan kowace shekara. Tazarar ba a tsaye take ba: a farko 621 ce, tana raguwa da ɗaya duk shekara 33. Wanda ya ƙara 578 a kan 1232, shekarar rasuwar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, zai samu 1810, alhali 1817 ce. Shekarun Shehun ma sun isa darasi: an haife shi a Maratta a 1168, daidai da Disambar 1754, ya rasu yana da 64 a lissafin wata, 62 da ƴan watanni a lissafin rana. Haka 63 na wata 61 ce ta rana, mai 60 a takarda kuma ya kusa 62 a lissafin malamai.

Akwai inda wannan lissafi yake yin aikin da takarda ta kasa. Iyayenmu da yawa takardar haihuwarsu cewa ta yi an haife su wajen shekara kaza, ba rana ba wata. Amma tsohuwa takan ce, na haife shi cikin azumi, ana shuka. Wannan magana ta ɗaure wata da yanayi, kuma haɗuwarsu ba ta maimaituwa sai bayan shekara 33. Azumi ya faɗo a ƙarshen Yuni zuwa Yuli a 1947 zuwa 1950, sannan 1980 zuwa 1983, sannan 2013 zuwa 2015. Kallo ɗaya za ka yi wa mutumin ka san rukuninsa, sai a nemi wata alama, fari ko mulkin wani sarki, a tsayar da shekarar. Wata dabara kuma daga shekara 19 ɗin nan ta fito: bayan shekara 19 jinjirin wata yakan tsaya a kwanan wata ɗaya na miladiyya, sai dai sunan watan ya matsa gaba da bakwai. Wajen 11 ga Maris 2005 ɗaya ga Safar ce, 11 ga Maris 2024 ɗaya ga Ramadan.

Shekara tana juyuwa da alƙalami, amma kwanan wata sai an yi hattara, domin abin da waya ke nunawa ba ganin wata ba ne. Wasu manhajoji da jadawalin hisabi suke aiki: wata na ɗaya 30, na biyu 29, haka har ƙarshe, sannan a ƙara wa Zulhijja kwana ɗaya a shekaru 11 cikin kowace 30. Asalin wannan shi ne awa 8 da minti 48 ɗin da ke rara kowace shekara, in an tara na shekara 30 kwana 11 ne daidai. Raba shekarar da 30, in ragowar ta zama 2, 5, 7, 10, 13, 16, 18, 21, 24, 26 ko 29, to mai kwana 355 ce. Wasu manhajojin kuma kalandar Ummul Ƙura ta Saudiyya suke bi, wadda ke fara wata in ya haɗu da rana kafin faɗuwarta kuma ya faɗi bayanta a Makka, ko ido zai iya ganinsa ko ba zai iya ba. Duka biyun sukan saɓa da sanarwar ƙasa da kwana ɗaya, wani lokaci biyu. Yawancinsu suna da wurin ƙara kwana ko rage shi, sai a daidaita duk farkon wata bayan an ji sanarwa. Ga kuma wani abu: waya tana juya kwanan wata ƙarfe goma sha biyun dare, alhali kwanan Musulunci daga magariba yake shiga. Daren Juma'a shi ne wanda ke biyo yammacin Alhamis. Jaririn da aka haifa bayan isha'i ranar 14 ga wata, a 15 aka haife shi.

Shari'a da gani ta rataya azumi da salla: a ɗauka in an gan shi, a ajiye in an gan shi, in ya faku a cika talatin. A Malikiyya adilai biyu ne ke tabbatar da shi, ko jama'a mai yawa da ba za ta haɗu a kan ƙarya ba. Lissafi ba ya maye gurbin wannan, amma yana gaya wa mai dubawa inda zai sa ido da abin da ba zai yiwu ba, kuma ina ganin duk wanda zai ba da shaida ya kamata ya san ɗan abin nan. A ƙarshen wata, wata yakan zo tsakaninmu da rana, fuskarsa mai duhu tana kallonmu. Husufin rana na 29 ga Maris 2006, wanda ya ratsa Nijar da hantsi, wannan haɗuwar ce aka gani ƙuru-ƙuru, kuma a ƙarshen Safar ta faru, domin husufin rana ba ya yiwuwa sai a ƙarshen wata, na wata kuma sai a tsakiyarsa. Daga haɗuwar, wata yana nisantar rana da kamar rabin digiri a awa, digiri 12 a kwana. In tazarar ba ta kai digiri 7 ba, babu hasken da ido zai kama. Mafi ƙanƙantar jinjirin da aka tabbatar an gani da ido kawai yana da awa 15 da rabi, a sarari garau. A samaniyarmu mai ƙura, wanda bai kai awa 20 ba da wuya ya ganu.

Mai dubawa ya hau tudu ko dutse inda yamma take a buɗe, tun kafin rana ta faɗi, ya riƙe wurin da ta nutse. Ya miƙa hannu gaba ya dunƙule: faɗin dunƙulen kusan digiri 10 ne, kuma jinjirin daren farko bai cika wuce dunƙule ɗaya ko ɗaya da rabi daga inda rana ta shiga ba. Lokacin da ya fi kyau daga minti 15 zuwa 30 bayan faɗuwarta. In lissafi ya nuna watan zai faɗi ƙasa da minti 40 bayan rana, jan sararin zai haɗiye shi. Gefensa mai haske kullum rana yake fuskanta, don haka a nan yakan kwanta kamar ƙwarya, ƙahonninsa sama. Abin da ƙahonninsa suka kalli ƙasa ba wata ba ne. Masu ruɗin ido sanannu ne: Zara in ta fito da wuri, siririn girgije da hasken rana ya taɓa, hayaƙin jirgin sama. Wata na gaskiya ba ya ɓacewa ya dawo, sauka yake a hankali, kuma in ka nuna wa na kusa da kai zai gan shi. Idan an ga tsohon wata da asuba a gabas, neman sabo a yammacin wannan yini wahala ce kawai.

Maganar da ake yawan yi kashegari, wai watan nan babba ne, na jiya ne, ba hujja ba ce. Jinjirin da yake da awa 15 jiya bai ganu ba, yau yana da awa 39, dole ya fito da kauri ya daɗe bai faɗi ba. Haka saɓani da Saudiyya ba kullum kuskure ba ne. Rana tana faɗuwa a nan kamar awa biyu bayan ta faɗi a Makka, watan ya ƙara girma da digiri guda, don haka yana yiwuwa mu gani su ba su gani ba. Abin da ke da wuya shi ne a gan shi a gabas a sarari, mu da ke yamma mu rasa shi ba hazo ba hadari. Hazo kuwa shi ne abin da za a sha fama da shi a shekarun da azumi ke ratsa Fabrairu da Janairu da Disamba, don haka duban watan Sha'aban da riƙe ƙidayarsa zai ƙara muhimmanci, tun da shi za a cika talatin in ƙura ta rufe yamma.

Inda kuɗi ya shigo, nan kuskure yake da tsada. Zakkar kuɗi da kayan kasuwa da shekarar wata take cika. Ɗan kasuwar da ke rufe lissafinsa duk 31 ga Disamba yana jinkirta hakkin miskinai da kwana 11 kowace shekara, cikin shekara 33 ya tsallake zakkar shekara guda cur. Mafita biyu ce: ko ya tsayar da rana a watan Musulunci, ko ya bi abin da malaman zamani suka lissafa, ya fitar da 2.577 cikin ɗari a maimakon 2.5. A miliyan ɗaya na sefa, jaka 25 ke nan da dala 154, wato sefa 25,770, a maimakon jaka 25. Zakkar hatsi kuwa ba ta jiran wata, ranar girbi ake fitar da ita, ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar, rabin haka ga na ban ruwa da wahala. Littattafan Malikiyya ma sun ce mai karɓar zakkar dabbobi yana fita ne lokacin da Surayya, wato kaza da ƴaƴanta, ke ɓullowa da asuba, wannan kuma lissafin rana ne tsantsa. Addinin da kansa ya ba wata aikinsa ya ba rana nata.

Lokutan salla da na buɗa baki na rana ne, don haka jadawalinsu kwanan watan miladiyya yake bi. Kada a ɗauko takardar azumin bara a bi ta da ɗaya ga Ramadan, biyu ga Ramadan. A shekarun da azumi zai faɗo Oktoba, yin haka zai sa a sha ruwa kamar minti biyar kafin rana ta faɗi. Kada kuma a bi jadawalin Yamai: alfijir yana keto mana kusan minti 28 kafin ya keto musu, mai sahur da agogonsu ya ci da rana. Tsawon azumi a nan bai cika sauyawa ba, daga kamar awa 12 da rabi a Disamba zuwa 14 da ɗan abu a Yuni. Zafi ne ke bambanta azuminmu, ba tsawon yini ba.

Takaba wata huɗu da kwana goma ce ta wata, kimanin kwana 128 zuwa 130. In rasuwa ta faru 10 ga Rajab, za a fita wajen 20 ga Zulƙida, ko 21 in Rajab ya zo da 29, domin watan da ya karye ana cika shi talatin. A rubuta kwanan watan Musulunci tun ranar, a kai wa malami, ya fi a zo daga baya ana laluben Maris ne ko Afrilu. Haya da bashi kuma a faɗi wane wata ake nufi. Mai biyan jaka 20 duk tsayuwar wata yana biyan ƙarin jaka 7 da ɗoriya a shekara a kan mai biya duk ƙarshen watan bature, wata guda ke nan cikin wata 33. Ba ƙaramin abu ba ne in ya taru: baitulmalin Turkawan Usmaniyya yakan tsallake lambar shekara ɗaya duk shekara 33 don harajin gona ya yi daidai da albashin soja, Saudiyya kuma ta mayar da albashin ma'aikatanta kan kalandar miladiyya a 2016.

Masu kiwon rago su ne ya kamata su zauna da wannan lissafi tun da wuri. Layya tana shiga tsakiyar bazara: wajen 27 ga Mayu a 2026, 16 ga Mayu a 2027, 5 ga Mayu a 2028, 24 ga Afrilu a 2029, 13 ga Afrilu a 2030. Lokacin ne daji yake ƙaƙas, dabbar da ke kiwo a waje ta rame, harawa da dusa suka yi tsada. Turka na wata uku zuwa huɗu yana nufin a ɗaure rago tun Janairu ko Fabrairu, kowace shekara a riga ta bara da kwana 11, abincinsa kuma a tara shi tun Oktoba da Nuwamba, harawar wake da ta gyaɗa suna arha, a ɗora a rumfa inda rana da gara ba za su ci ta ba. A duba shekarunsa ma: a mashhurin Malikiyya sai rago ya cika shekara ta wata ya shiga ta biyu, don haka ɗan tunkiyar da aka haifa bayan layyar bara bai kai ba tukuna, komai ƙibarsa.